Liyafar Gidauniya a Jami'a: Wa Ya Cancanci Lambar Yabo?

Shekaru kaɗan da suka wuce na halarci wata liyafar cin abincin dare da wata jami'a a Arewa ta shirya domin ƙaddamar da gidauniyar gina sabon ɗakin karatu. An ƙawata zauren da fararen yadudduka, an jera teburan manyan baƙi a gaba, malamai da tsofaffin ɗalibai kuma muka zauna can baya. Da aka zo kan abin da ya tara mu, sanƙira ya karɓi abin magana ya shiga kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane suna da kirarinsa, duk wanda aka kira kuwa, ko shi ko wakilinsa, sai ya miƙe ya faɗi adadin da zai bayar, zaure ya ɗauki tafi, shugaban jami'a ya taso ya miƙa masa lambar yabo a cikin ƙaramin akwati mai jan ƙyalle, a tsaya a ɗauki hoto. Na lura cewa a daren nan kaf mutum biyu ko uku ne kawai suka miƙa cek a hannu, sauran duk da fatar baki suka bayar. Bayan shekara biyu hanya ta sake bi da ni ta wannan jami'a, na nemi a nuna mini ɗakin karatun. Abin da na tarar harsashi ne wanda bai wuce gwiwa ba, ƙarafan ginshiƙai sun yi tsatsa, ciyawa ta rufe tulin yashi. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya shaida mini cewa sun yi ta zarya a ofisoshin waɗanda suka yi alkawari har suka gaji: wasu sun ba da ɗan abin da suka bayar, wasu suka ce a dawo, wasu kuwa ko ganinsu ba a samu ba. Lambobin yabon dai kowa ya riga ya tafi da tasa gida tun a daren.

Duk da abin da idona ya gani, ba na cikin masu cewa a daina irin waɗannan taruka. Jami'o'in gwamnati a Nijeriya suna cikin ƙuncin da ba ya ɓoyuwa. A shekarar 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shafe wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma rashin isassun kuɗin gudanarwa na daga cikin manyan dalilanta. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, ya riƙa samun kuɗinsa daga harajin ilimi da aka ɗora wa ribar kamfanoni, harajin da ya fara da kashi 2 cikin ɗari ya kai kashi 3 a 2023, kuma duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya san cewa yawancin sababbin gine-gine tambarin wannan asusu ne a jikinsu. Amma asusu ɗaya ba zai ɗauki nauyin jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha na ƙasa baki ɗaya ba. Tun da aka ƙara kuɗin wutar lantarki a 2024, manyan jami'o'i suka fara kokawa cewa takardar kuɗin wuta kaɗai tana kaiwa ɗaruruwan miliyoyin naira a wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka jami'ar da ta tara attajirai da tsofaffin ɗalibanta ta shimfiɗa musu buƙatunta ba ta yi abin kunya ba.

Kuma akwai masu hannu da shuni da suka amsa kira da aiki wanda ido yake gani. A 2019 Alhaji Aliko Dangote ya miƙa wa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya gine-gine goma na ɗakunan kwanan ɗalibai masu ɗaukar mutum sama da 2,000, bayan ginin makarantar nazarin kasuwanci mai ɗauke da sunansa a Jami'ar Bayero ta Kano. A 2021 gidauniyar Alhaji Abdussamad Rabi'u, wato ASR Africa, ta ware naira biliyan ɗaya ga kowace ɗaya daga cikin wasu jami'o'i, har da ta Zariya da ta Maiduguri. Alhaji Muhammadu Indimi ya gina wa Jami'ar Maiduguri cibiyar karatu daga nesa. Ɗalibin da ya samu gado a ɗaya daga cikin waɗancan ɗakunan kwana na Zariya, ya huta da hayar ɗaki a unguwar Samaru, ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin irin wannan kyauta.

Nakan ji wasu suna cewa yabon mai kyauta a bainar jama'a ƙofar riya ce, gara a karɓa a yi shiru. Ina girmama tsoron da ke bayan wannan magana, amma ban yarda da ita gaba ɗaya ba. A cikin Suratul Baƙara an yaba wa sadakar da aka bayyana, sannan aka ce wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta ita ce mafi alheri, kuma a surar ce dai aka yi kashedin ɓata sadaka da gori. Niyya tsakanin mai bayarwa ce da Ubangijinsa, godiya kuwa nauyi ne a kan wanda aka bai wa, domin hadisi ya nuna cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Bahaushe ma ya ce yaba kyauta tukwici. Har ila yau, kyautar da aka bayyana takan zaburar da wani, don sau da yawa ɗan kasuwa ba ya sanin cewa jami'ar garinsu tana buƙatar injin gwaje-gwaje sai ya ga abokinsa ya saya mata.

Inda matsala take shi ne a tsarin abin: mun sa godiya ta riga kyauta. Lambar yabo shaida ce. Idan jami'a ta miƙa ta ga wani, tana faɗa wa duniya ne cewa ta bincika ta tabbatar wannan mutum ya yi wa al'umma hidima. Jami'a kuwa ba ta da wata dukiya da ta kai shaidarta daraja, domin hannun da ya miƙa lambar nan shi ne yake sa hannu a takardar digirin likita da injiniya, kuma mutane suna miƙa rayukansu ga likitan ne saboda sun amince cewa jami'a ba ta shaidar abin da ba ta gani ba. Duk sa'ad da ta karrama mutum a kan alkawarin da bai cika ba, ta rage wa wannan amana nauyi, ɗalibanta kuma suna zaune suna kallo, suna koyon cewa faɗa a gaban jama'a ya wadatar ko da ba a aikata ba. Wannan darasi ya fi rashin ɗakin karatu illa.

Alkawari kaya ne, kuma a wannan zamani kaya ne mai narkewa. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wanda ya yi alkawarin miliyan ɗari kafin wannan sauyi, ya zo ya cika bayan shekara biyu, a takarda ya cika alkawarinsa, amma siminti da ƙarfe da littattafan da kuɗin za su saya sun ragu ƙwarai. Ke nan ko mai kyakkyawar niyya, idan ya yi jinkiri, ya tauye kyautarsa da kansa. Abin da nake ganin ya dace mai sauƙi ne: a yi liyafa, a karɓi alkawura, a rubuta su tare da wa'adi, a gode wa kowa da baki, amma lambar yabo ta jira liyafar baɗi. A wannan liyafa ta biyu, kafin a ɗora cokali a kan faranti, ma'ajin jami'a ya miƙe ya karanta abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da abin da ya rage, har da kuɗin da shirya liyafar kanta ya ci, a kuma wallafa wannan bayani inda kowa zai iya karantawa. Ba sai an kira sunan wanda bai cika ba an tozarta shi, ya isa a kira sunayen waɗanda suka cika.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika son yi ba, wato daga ina kuɗin suka fito. A 2012 shugabannin jami'o'in Nijeriya sun yi taro a Keffi suka amince cewa ba za a riƙa ba masu riƙe da muƙaman siyasa digirin girmamawa ba muddin suna kan kujera. Hikimar wannan matsaya a fili take, kuma ina ganin ya kamata ta shafi lambobin yabon liyafa su ma. Idan gwamna ko minista ya miƙe ya ce ya ba da miliyan kaza, alhali daga baitulmali za a fitar, to kuɗin talakawa ne suka koma makarantar talakawa, kuma sauke nauyi ne wanda aka rantsar da shi a kansa. A rubuta sunan jihar a jikin ginin, lambar yabo ta hidimar al'umma kuwa a bar wa wanda ya ciro daga aljihunsa. Manyan makarantun duniya ma sun ɗanɗani kuɗarsu a kan wannan sakaci. A 2011 shugaban Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan ya yi murabus saboda gudummawar da makarantar ta karɓa daga gidauniyar ɗan Mu'ammar Gaddafi. A 2019 Jami'ar Tufts ta Amurka ta cire sunan iyalan Sackler daga gine-ginenta, saboda alaƙar dukiyarsu da maganin kashe zafi na OxyContin wanda ya jefa ɗimbin mutane cikin jaraba, kuma Jami'ar Oxford ta Ingila ta bi sahu a 2023. Kankare suna daga bango bayan shekaru ya fi ciwo ga kowane ɓangare a kan yin tambaya tun farko.

Abin da ake roƙa a liyafar shi ma yana buƙatar sake tunani. Kusan kullum gini ake nema, saboda gini yana da bangon da za a manna suna. Amma bayan an yanke ƙyallen buɗewa, wa zai sayi man janareta, wa zai gyara rufi idan ya fara yoyo, wa zai sabunta littattafai? Da sabon gini gara yaɓe, in ji masu iya magana, kuma jami'o'inmu cike suke da gine-ginen da yaɓen kawai suke jira. Muna da tsarin da ya magance wannan tun kafin a haifi jami'o'in Turai, wato wakafi. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara ya nemi shawara, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa ya riƙe asalin filin ya yi sadaka da amfaninsa. Da dukiyar gadonta Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, wurin da ya zama cibiyar ilimi har yau, kuma wakafi ne ya riƙe Azhar ta Masar ƙarnuka masu yawa. Jami'ar Harvard, wadda ta samo sunanta daga wani malamin coci da ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafansa a 1638, tana da asusun da ya haura dala biliyan 50 a yau, kuma ba ta cin uwar kuɗin, wajen kashi 5 cikin ɗari take cirewa a shekara. Ba na mafarkin mu kai can a kusa. Amma jerin shaguna ashirin a bakin kasuwa, ko gona, ko hannun jari da aka tsayar wakafi ga sashen koyar da aikin likita, za su riƙa biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin rajista shekara da shekaru bayan an manta da abincin da aka ci a daren ƙaddamarwa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harkokin banki da kuɗi na Musulunci, jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi, saboda haka masana tsarin suna kusa. A 2024 wata tsohuwar farfesa mai suna Ruth Gottesman ta ba kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke New York dala biliyan ɗaya domin ɗalibai su daina biyan kuɗin makaranta, kuma ba a sauya wa kwalejin suna ba.

Yanzu bari in koma zauren da na fara da shi, domin akwai wani abu da ya fi harsashin can tsaya mini a rai. A tsakiyar liyafar an kira ɗaliban sashen wasan kwaikwayo da na Hausa su nishaɗantar da baƙi. Wata ɗaliba ta karanta waƙar da ta rubuta a kan mahaifinta manomi wanda ya sayar da bijiminsa domin ya biya mata kuɗin rajista, amma a daidai lokacin ne masu rabon abinci suka shigo, ƙarar cokula da hirar tebur suka danne muryarta, ta kai ƙarshen baitinta ba tare da mutum goma sun ji ba. Da na fito shan iska na tarar da su a bayan zauren, suna zaune a kan dakali da ganguna da kayan wasansu, suna jiran a kawo musu abin da ya rage a tukwane, wani malaminsu kuma yana ƙirga kuɗin mota daga aljihunsa. Waɗannan yara sun shafe makonni suna gwaji, kuma da fasaharsu aka ƙawata daren da aka faɗi miliyoyi a cikinsa, amma sashensu bai ga ko sisi ba.

Jami'ar da ta san tarihin fasaha a wannan yanki ba za ta mai da masu fasaha kayan ado ba. A Zariya ne, a 1958, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane da ta sauya alƙiblar zane-zanen zamani a Nijeriya. A Samaru ne aka gina dandalin wasan kwaikwayo da jar ƙasa bisa salon ginin Hausa a shekarun 1970. Jami'ar Ahmadu Bello ce kuma ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ta nuna cewa makaɗi ma yana iya zama wanda ake karramawa, ya zauna a sahun gaba. Saboda haka idan za a haɗa taron fasaha da neman tallafi, a ba fasahar lokacinta, a ajiye cokula a saurara, a baje zane-zane da sassaƙe-sassaƙen ɗalibai a yi gwanjonsu, a ba mai aikin rabonsa, a kuma ware wani kaso sananne na abin da aka tara ga sassan da suka yi aikin. Sannan a bar mawaƙi ya faɗi abin da ke ransa. Kirari da liƙi suna da gurbinsu a bikin aure da naɗin sarauta, kuma sana'a ce mai tarihi wadda ba na rainawa, amma ɗalibin jami'a da aka umarta ya tsara waƙar yabon mai kuɗin da bai sani ba, an koya masa abin da ya saɓa wa dalilin zuwansa makaranta.

Kalmar da ake rubutawa a jikin lambobin nan ita ce hidimar al'umma, kuma a nan ne na fi jin an yi ƙwauro. Idan aka dubi sunayen manyan jami'o'inmu, Ahmadu Bello, Abdullahi Bayero, Usmanu Ɗanfodiyo, Abdu Mumuni a Yamai, babu ɗaya daga cikinsu da aka saya da kuɗi. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar Mambayya, gidan mutum ne da bai tara dukiya ba, darajarsa kuwa daga tsayuwarsa ga talakawa ta zo. Waɗanda suka assasa jami'o'in nan sun san cewa hidima tana da fuskoki da yawa. Amma a liyafofin yau da wuya a ga an kira ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya shekara talatin yana lallaɓa tsofaffin na'urori don kada karatu ya tsaya, ko likitan asibitin koyarwa da yake fita ƙauyuka a ranakun hutunsa yana duba marasa lafiya kyauta, ko ɗaliban da suke koyar da yaran unguwannin da ke kewaye da jami'a da yamma ba tare da an biya su ba, ko mai unguwar da mutanensa suka ba da gonakin da jami'ar take zaune a kai.

A lokacin da nake ɗalibi akwai wata dattijuwa mai sayar da tuwo da shinkafa da wake a wata rumfa kusa da ƙofar makarantarmu, kowa Inna yake ce mata. Tana da wani tsohon littafin rubutu da jikanta yake rubuta mata sunayen masu cin bashi, kuma idan ƙarshen zango ya zo, guzuri ya ƙare, rumfar tata takan cika da waɗanda ba su da ko kwabo. Ban taɓa ganin ta mayar da ɗalibi da yunwa ba. Wanda ya tsaya daga nesa yana jin nauyi, sai ta ce, "Zo ka zauna, ɗana, karatu ba ya shiga da yunwa, in ka samu ka kawo." Wasu sun biya bayan sun fara aiki, wasu ba su taɓa komawa ba, ita kuwa idan littafin ya cika sai ta sa a sayo wani. A cikin waɗanda suka ci tuwonta akwai waɗanda yanzu farfesoshi ne da alƙalai da manyan ma'aikatan banki, wasunsu ma a teburan gaba suke zama a irin liyafofin da nake magana a kai. Ta rasu shekarun baya ba tare da an taɓa gayyatarta cikin zauren taron makarantar da ta ciyar da 'ya'yanta ba, kuma mu da muka san ta sai bayan kwana arba'in labarin ya iso mu.

Kwanakin baya ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta aiko mini da takardar neman sunayen waɗanda suka dace a karrama a liyafar bana. Na rubuta sunan Inna, na nemi a kira 'yarta ta karɓa a madadinta, na kuma ba da shawarar a buɗe asusun ciyar da ɗalibai marasa ƙarfi da sunanta, wanda za a tsayar da uwar kuɗinsa a riƙa ciyarwa da ribar. Nawa kason na riga na tura shi asusun ƙungiyar, na haɗa rasidin da takardar.